Gurun Baffa a Ɗakin Hoton Ƙwaƙwalwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da injin asibiti ya cafke ni a ƙugu ba, a gaban mai ɗakina, a gaban surukata, da kuma bayin Allahn da ban daɗe da gama yi musu lacca ba. Har yau in abin ya faɗo mini a rai ina kan babur tsakanin Kazaure da Roni, sai in ji gumi ya tsatsafo mini a ƙarƙashin hula, in kama dariya ni kaɗai, masu wucewa su riƙa waiwayena.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Roni, amma a Kazaure nake zaune da iyalina. Asalina ɗan Gwiwa ne, gidan maƙera. Kakana maƙeri, mahaifina maƙeri, ni ne na fara ajiye masaba na ɗauki alli. Kuma ina da wani hali da ya kamata ku sani tun yanzu: ba na iya ganin mutane a zaune in ƙyale su ban yi musu bayanin wani abu ba. Ba sai an tambaye ni ba. (Mai ɗakina Bilkisu ta ce ko gaisuwar mutuwa na je, kafin a shafa fatiha sai na bayyana wa jama'a abin da ke sa fanka juyawa. Ta yi ƙari, amma ba da yawa ba.)

'Yarmu ta fari sunan surukata ta ci, shi ya sa muke ce mata Ummi. Tun tana rarrafe muka lura hannunta na hagu kusan kullum a dunƙule yake. Da ta fara tafiya kuma, ƙafar hagun a kan 'yan yatsu take takawa, dunduniya ba ta taɓa ƙasa. Aka ce mana za ta ware, mu ma muka ce za ta ware. Ba ta ware ba. Da ta kai shekara biyar sai abin ya zama kamar gaba yake yi. Daga ƙofar ɗaki zuwa bakin rijiya sai ta yi ta faɗuwa, gwiwoyinta duk tabo. Wata rana na dawo daga aiki na tarar da ita zaune a bakin soro tana kallon yara suna 'yar gala-gala, ta ce mini, "Abba, ni ce alƙaliyarsu." Na yi mata dariya, na shige ɗaki, na zauna a bakin gado na daɗe ban cire takalmi ba.

Likitan da ya duba ta a Kazaure mutum ne da ba ya kwana-kwana. Ya lanƙwasa ƙafar, ya miƙar, ya ɗan buga mata gudumar roba a gwiwa, sannan ya dube ni.

"Malam, abu biyu nake tunani. Ko dai tsohon tabo ne a ƙwaƙwalwa tun wajen haihuwa, wanda ba ya ƙaruwa, ko kuma wani abu ne da ke ci gaba da cin hanyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa hannu da ƙafa. Ido ba zai raba mana su ba. Sai an ɗauki hoto."

Hoton kuwa ba irin na ƙashi da muka saba ba ne. MRI ake ce masa, kuma sai an je Kano. Ya ce injin zai nuna hanyoyin nan ƙarara, har ma ya auna sinadaran da ke cikin ƙwaƙwalwar, a gane ko akwai ƙari ko wata cuta mai ci a hankali. Sai dai layin da tsawo, don wuraren da ke yi wa yara irin wannan awon ba su da yawa. Muka yi wata da watanni muna jira kafin a ba mu rana. A tsawon lokacin nan, duk faɗuwar da Ummi za ta yi sai gabana ya faɗi tare da ita, ina tambayar kaina ko jiya ta fi haka ƙarfi.

Ana gobe tafiya na hau babur na je Gwiwa in sanar da Baffa, ƙanin mahaifina, wanda ya riƙe mu bayan rasuwarsa. Na same shi a maƙera yana gyaran bakin garma. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ke tafe da ni.

"Kano za ku kai ta?"

"Eh, Baffa. Hoton cikin kanta za a ɗauka."

Ya ajiye awartaki, ya shiga ɗaki, ya fito da wani guru baƙi ƙirin, fatar ta sha jiki har tana ƙyalli. (Ga wanda bai sani ba, guru ɗamara ce ta fata da ake ɗinke asiri a ciki, a ɗaura a ƙugu ƙarƙashin riga.)

"Ɗaga rigarka."

"Baffa, ai ni..."

"Na san kai ɗan boko ne. Ɗaga rigarka. Na kakanka ne, da shi ya yi fatauci har Damagaram bai taɓa gamuwa da tsiya a hanya ba. Kada ka kwance shi sai kun dawo da ita gida."

Ku sani fa, a ɗakin malamai ni ne gwanin sukar masu laya da kambu, har ana gudun tayar da zancen in ina wurin. Amma a lokacin tsoro ya gama cinye ni. Da Baffa ya ce in goya uwar maƙera in tafi da ita Kano, da na goya. Na ɗaga riga, ya ɗaure mini da hannunsa, ya yi wani ƙulli irin na masu ɗaure kaya a kan jaki. Na ji gurun da ɗan nauyi, na ce a raina fatar shanu ce mai kauri, cikinta kuma takarda ce da rubutu. Ɗan maƙera, jikan maƙera, an ba shi kayan gado a cikin maƙera, amma bai tsaya ya tambayi kansa me maƙera ke ɗinkewa a cikin kayansu ba.

Da sassafe muka kama hanya: ni, Bilkisu da tsohon cikinta, Ummi da ko koko ba a ba ta ba saboda maganin barcin da za ta sha, sai Hajiya surukata da ta taso tun daga Babura ta kwana a gidanmu. Hajiya mace ce da dillalan hatsi a kasuwar Babura ke shakkar bakinta, amma ni tun da na auri 'yarta ba mu taɓa haɗa ido ba. In na durƙusa gaishe ta, bango take kallo ta amsa. Ni ma ko ruwa ban taɓa sha a gabanta ba.

A ɗakin jira na asibitin muka tarar da mutane, kowa ya yi jugum. Wani dattijo mai ciwon baya ya tambayi na kusa da shi ko gaskiya ne injin wuta yake sa wa mutum a jiki. Ba ni ya tambaya ba. Amma kafin na kusa da shin ya buɗe baki, na riga na gyara zama.

"Baba, ba wuta ba ce, mayen ƙarfe ne. Irin wanda yara ke cirowa daga tsohuwar rediyo suna kama allura da shi, sai dai wannan ya kusa cika ɗaki. Kuma ba a kashe shi, ko an ɗauke wuta yana nan da ƙarfinsa. Allura in ta shiga ɗakin can, tashi za ta yi kamar harsashi."

Kowa ya juyo yana saurarona, ni kuwa abin nema ya samu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina duba agogo da maɓallan riga. Wata mata na sa ta cire fil daga ɗankwalinta, alhali rakiya kawai ta yi. Wani ya ce, "Likita, ni fa haƙorin Makka gare ni, ya za a yi?" Na ba shi amsa mai tsawo. Abin da ban ba shi ba shi ne labarin cewa ni ba likita ba ne.

Daga nan na juyo kan iyalina. Na sa Bilkisu ta cire wa Ummi 'yan kunne, ta goge mata kwalli tas (wannan kam gaskiya ne, kwalli na ɓata hoton). Sai idona ya faɗa kan 'yar layar da ke wuyan yarinyar, wadda na san Hajiya ce ta rataya mata. Tun da ba zan iya yi wa surukata magana kai tsaye ba, sai na kalli Bilkisu na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Irin waɗannan abubuwan su ke mayar da mu baya. Mutum ya zo asibiti, kuma ya zo da camfi a wuya. Allah kaɗai ke tsarewa."

"Wannan gaskiya ne, Likita," in ji dattijon.

Hajiya ta miƙa hannu ta cire layar, ta ƙulle ta a gefen mayafinta. Bilkisu ta zuba mini ido, ta sauke idon zuwa ƙuguna, ta sake ɗagowa. Na yi kamar ina kallon wani abu mai muhimmanci a jikin silin.

Aka ba Ummi maganin a cokali, ba a jima ba ta langaɓe a kafaɗata. Sai ga ma'aikaciyar ɗakin hoton ta fito, wata Sista Rifkatu, 'yar Filato, mai fara'a da Hausa garau. Ta ce mutum ɗaya zai shiga ya zauna kusa da yarinyar. Bilkisu ba dama saboda ciki. Hajiya kuma akwai ƙarfe a cinyarta tun wani haɗarin mota da ta yi a hanyar kasuwa. Saura ni.

"Malam, maganin nan ba ya daɗewa, kuma ba ma ba yaro sau biyu a rana ɗaya. In ta farka ba mu gama ba, sai dai ku sake bin layi. Waya, makulli, agogo, bel?"

"Duk na ba mamanta."

"An taɓa sa maka ƙarfe a jiki?"

"A'a."

"Laya, kambu, guru? Ba raini ba ne, kowa muna tambayarsa."

Kowa a ɗakin na jiran amsar Likita. Na yi wata 'yar dariya irin ta manya.

"Haba Sista. Ni fa malamin kimiyya ne."

Bilkisu ta matso kamar za ta gyara wa Ummi zane, ta ce a hankali, "Baban Ummi, abin Baffa fa?"

"Fata ce da takarda," na ce mata ta gefen baki. "Ke dai yi mana addu'a."

Sista ta ɗauko 'yar sandar nan da ake shafa wa mutum ta yi ƙara in ta ji ƙarfe. Na ce mata don Allah kada ƙarar ta tashi yarinya, ai ta ji yadda ni da kaina na gama binciken kowa a nan. Ta dubi Ummi, ta dubi fuskata mai cike da ilimi, ta ajiye sandar. Allah ya yafe mini, ita ta yarda da ni ne kawai.

Ɗakin da sanyi ƙalau. Injin na tsakiya, fari tas, da rami a cikinsa kamar an kwantar da bakin rijiya, ga wani siririn gado a gabansa. Na kwantar da Ummi ta wajen ƙarshen gadon. Sista ta ce in zagayo ta wajen kanta in tallafe mata haɓa ta gyara matashi.

Ina matsawa na ji kamar wani ya ɗan ja mini riga. Na waiwaya, ba kowa. Na ƙara matsawa, sai na ji gurun ya motsa da kansa a ƙuguna, ya taho gaba, rigata ta ɗaga tana nuna injin. Kafin in ce wani abu an fizge ni. Ƙuguna ya bugi jikin injin, ji kake gwaram, hulata ta yi nata wuri, na tsinci kaina rungume da injin mutane, kumatuna a jikinsa, ƙafafuna na laluben ƙasa.

"Innalillahi. Sista, kashe shi. Kashe wutar."

"Ba a kashe shi, Malam."

(Ni da bakina na faɗa wa mutane haka ɗazu.)

Ko kallona ba ta yi ba. Sai da ta fara surar Ummi ta yi waje da ita, kuma har gobe ina gode mata da ta san wanda ya kamata a fara ceto. Ta dawo ta tsaya a bayana.

"Kada ka taɓa ƙullin. In ka kwance shi cikin ramin zai faɗa, ba mai iya ciro shi sai an sauke ƙarfin injin gaba ɗaya, duk mutanen da ke waje su koma gida sai abin da hali ya yi. Tsaya yadda kake."

Kamar dai ina da wani zaɓi. Wajen fita da yarinya an bar ƙofa a buɗe, daga inda nake ina hango ɗalibaina na ɗakin jira sun yi cirko-cirko. Dattijo mai ciwon baya, wanda da ƙyar aka zaunar da shi ɗazu, ya miƙe tsaye cak yana leƙe.

Aka kira wasu ƙarti biyu masu tura marasa lafiya, suka zazzage aljihunsu a waje, suka shigo. Ɗaya ya rungume ni ta ƙirji, ɗaya ya kama na farkon, suka ja. Guru na ja gaba, su suna ja baya, ni a tsakiya ina salati, har na ji kamar za a raba ni biyu. Can injin ya sake ni, muka tafi da baya gaba ɗayanmu muka zube a bakin ƙofa, ni a sama.

Sista ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ɗauko sandar nan ta kai ƙuguna, abin ya tsala ihu har ofishin gaba.

"Malam, me ke jikinka?"

"Wani ɗan abu ne na gida."

"Cire shi a nan. Ba ka ƙara matsawa kusa da ƙofar nan da shi."

"Likita," in ji dattijon, da wata murya mai taushi, "ashe kai ma ana ɗan taɓawa."

Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya. Matar da na sa ta cire fil ba ta ma wahalar da kanta da tari ba. Ni kuwa ga ƙullin Baffa ya sha gumi ya sha ja, ya ƙanƙame ya koma ta baya. Ba yadda za a kai gare shi sai na naɗe riga har ƙirji na sassauta zariyar wando. A tsakiyar mutane. A gaban matar da ko ruwa ban taɓa sha a gabanta ba. Na tsaya riƙe da bakin riga, na yi tsuru-tsuru, na ji da ma ƙasa ta tsage in shige.

Sai Hajiya ta miƙe. Ta cire mayafinta, ta ware shi da hannu biyu, ta tsaya tsakanina da jama'a, ta juyar da fuskarta bango.

"Bilkisu, taimaka wa Malam," ta ce. Sannan ta ɗan ɗaga murya, muryar nan ta kasuwar hatsi. "Jama'a, kowa ya ji da ciwon da ya kawo shi."

Dariyar ta ɗauke. A bayan mayafin nan, wanda layar da na gama zagi ke lilo a gefensa, Bilkisu ta karɓi almakashi a hannun Sista ta datse gurun. Ɗinkin ya ɓare, kayan ciki suka zubo a ƙasa: gutsattsarin baƙin ƙarfe, da tsohon bakin kibiya, da wasu zobba masu tsatsa. Takarda ko ƙyallinta babu.

Ina ɗaure wando na ji kukan Ummi. Ta farka tun bugun farko, idonta tar, tana kiran mamanta. Nan kunyar ta gushe, wani abu da ya fi ta nauyi ya zauna mini a ƙirji. Watannin nan da muka yi muna jira, da yunwar da yarinyar ta sha tun safe, da amsar da muka zo nema, duk na zubar da su don kada baƙin mutane su ji an ce ina da guru. Na dubi Bilkisu, hawaye na zubo mata ba ta ko share ba.

Na je gaban Sista na durƙusa, ban damu da wa ke kallo ba.

"Sista, laifina ne ni kaɗai. Don Allah kada ya shafi yarinyar nan."

Ta dubi Ummi, ta ce, "Magani dai ba zan ƙara mata ba. Amma akwai yaran da ke iya kwanciya shiru ba magani, in ƙarar injin ba ta firgita su ba. Bari in shigar da Baba tukuna. Ku lallashe ta, in ya fito mu gwada. In ta motsa, shi ke nan."

Aka shiga da dattijon, aka rufe ƙofa. Ba a jima ba injin ya fara aiki, ƙararsa na fitowa ta bango: ƙwan, ƙwan, ƙwan, sai ya canza ya koma sauri-sauri, sai ya sake komawa. Ummi na kan cinyar Hajiya tana shessheƙa. Sai ta yi shiru, ta karkata kai tana saurare.

"Abba, Baffa ne yake ƙira a ciki?"

Duk lokacin da muka je Gwiwa, a maƙera Ummi take wuni. Nan ne wuri ɗaya da ba a bukatar gudu. Baffa kan shimfiɗa mata buzu nesa da wuta, ta zauna tana kallon zuga-zugi, sau da yawa a nan barci ke kwashe ta ana tsaka da dukan ƙarfe.

Na buɗe baki zan bayyana mata ainihin abin da ke kawo ƙarar, don na sani, kuma bayanin na da daɗi. Hajiya ta yi gyaran murya tana kallon bango. Na rufe bakina, na sake buɗewa.

"Irin maƙerar Baffa ce, Ummi. Sai dai a nan kwanciya ake yi, a rufe ido, ba a motsi har su gama."

"Garma suke yi ko lauje?"

"Sai mun shiga ki saurara ki faɗa mini."

Wannan karon Sista ba ta tambaye ni komai ba. Ta miƙo mini rigar asibiti, shuɗiya, iya gwiwa, mai igiya a baya, ta nuna mini wani lungu in canza. Ta bi ni da sandarta sama da ƙasa, gaba da baya, har tafin ƙafa. Haka na ratsa ɗakin jira da ƙwaurina a waje, ba hula, ɗauke da 'yata. Hajiya ta ci gaba da nazarin bangonta, Allah ya saka mata da alheri.

Aka toshe wa Ummi kunne, aka gyara mata kai, gadon ya shige da ita cikin ramin har sai ƙafafunta kawai nake gani. Na zauna na riƙe ta hagun, dunduniyar nan da ba ta taɓa ƙasa tana cikin tafin hannuna. Injin ya fara dukansa. Na ji ƙafar ta ɗan ƙanƙame, na riƙe numfashi. A hankali ta saki, ta yi nauyi. Sauran maganin da ke jikinta da ƙarar da ta saba da ita sun haɗu sun mayar da ita barci. Ban taɓa yin shiru mai tsawon wannan ba a rayuwata. Duk addu'ar da na iya na karanta, wadda na manta ƙarshenta na koma farko.

Da Sista ta buɗe ƙofa ta ce, "Mun samu, Malam, hoton ya fita," sai na saki ƙafar Ummi na yi hamdala.

Bayan 'yan kwanaki muka koma wajen likitan ƙwaƙwalwar yara. Ya juyo mana da allon kwamfuta, ga cikin kan Ummi, ga wasu zarurruka masu launi sun sauko daga sama kamar an rataya zare a wajen rini. Ya ce su ne hanyoyin da ke kai umarni zuwa hannu da ƙafa. Na ɓangaren dama, wanda ke juya hagun jiki, ya fi ɗan'uwansa siranta, ga kuma ɗan tabo a kusa da shi. Ya nuna mana wani zane mai hawa da sauka, ya ce awon sinadaran ke nan, kuma bai ga alamar ƙari ko cuta mai ci ba.

"Tsohon tabo ne, ba ya ƙaruwa. Abin da kuka ga kamar yana gaba, tsawo take yi, ƙashi na girma, naman ƙafar da ya ɗaure bai bi shi ba. A fara mata gashin ƙashi, a yi mata takalmin da zai riƙe dunduniyar. Za ta yi tafiyarta, in sha Allahu."

Bilkisu ta ce alhamdu lillahi ta fi a ƙirga. Ni kuwa, mai bayani, ko tambaya ɗaya ban yi ba. Na sunkuyar da kai na yi kuka a ofishin mutum, kuma wannan kukan ban ji kunyarsa ba.

Na mayar wa Baffa gurunsa a cikin leda, na ba shi labari tiryan-tiryan ina jiran faɗa. Ya juya gutsattsarin a tafin hannunsa, ya ce, "Lallai injin nan ya san ƙarfe mai kyau." Ya tambayi jikin yarinya, ya koma kan aikinsa. Sista Rifkatu kuwa da kakar gyaɗa na kai mata 'yar tsaraba daga Roni, ta karɓa tana dariya, ta ce tun daga kaina ko shugaban asibitin ne ya zo sai ta shafa masa sanda. Hajiya har yau ba ta taɓa tayar da zancen ba, ko a gaban 'yarta. Mutum ya yi maka gori a bainar jama'a, kai kuma ka cire mayafinka ka rufa masa asiri, ban san da me ake biyan wannan ba sai addu'a.

Yanzu Ummi da ƙafarta take zuwa makaranta. Tana ɗan ɗingishi, in ta makara har gudu take yi, ƙaninta na binta a baya yana kiran ta jira shi.

Mutanen ɗakin jiran nan ban sake ganin ko ɗaya daga cikinsu ba, ko sunansu ban sani ba, amma don in burge su na kusa hana 'yata abin da ta fi bukata. Tun daga ranar, in ma'aikacin asibiti ya yi mini tambaya, amsar tambayar nake ba shi, ba sunan aikina ba. Sai dai ina jin na ɗan zarce. Kwanakin baya na je cire haƙori a nan Kazaure, yarinyar da ke wurin ta ce, "Baba, akwai wani abu da ya kamata mu sani?" Kafin ta rufe baki na zazzage mata aljihuna a kan tebur, na cire hula, na kama bakin riga zan ɗaga.

Ta ce, "Baba, baki kawai za ka buɗe."